Christian Peacemaker Teams: Kiristoci masu shiga tsakani ba tare da makami ba

Christian Peacemaker Teams, wadda aka fi sani da CPT kuma a yau ake kira Community Peacemaker Teams, ƙungiya ce da ke tura ƙananan ayarin mutane marasa makami zuwa wuraren da ake rikici, su zauna da fararen hula waɗanda rayukansu ke cikin haɗari, su raka su, su kuma rubuta abin da suka gani da idonsu.

Tushenta majami'u ne da suka daɗe da hana mabiyansu ɗaukar makami, wato Mennonite da Church of the Brethren, daga baya 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista mai irin wannan ra'ayi, suka shigo. Hujjarsu ita ce huɗubar Yesu a kan dutse, a Linjilar Matiyu sura ta 5, inda aka ce a ƙaunaci abokan gaba. A 1984, a babban taron Mennonite na duniya a birnin Strasbourg na Faransa, malamin tauhidi Ron Sider ya zungure su da cewa sojoji na ba da ransu saboda yaƙi, don haka wanda ya ce ya ƙi yaƙi ba shi da bakin magana in har bai shirya ba da nasa ran saboda sulhu ba. A Disambar 1986 aka amince da kafa ƙungiyar a Techny da ke jihar Illinois ta Amurka. Gene Stoltzfus ne ya jagorance ta daga 1988 zuwa 2004.

Ta yi aiki a Haiti da Meziko da Kolombiya da yankunan 'yan asalin Kanada, amma an fi saninta a birnin Hebron na Falasɗinu, wato al-Khalil, inda take tun 1995. Da sassafe za a ga ma'aikatanta sanye da jar hula a bakin shingen sojojin Isra'ila, da littafi a hannu, suna ƙirga yaran makarantar da aka tsayar ko aka bincike jakarsu. A 2004, kusa da ƙauyen at-Tuwani, wasu mutane masu rufe fuska sun yi wa biyu daga cikin ma'aikatan mugun duka a kan hanyar raka yara makaranta.

A Iraƙi ta shiga tun Oktobar 2002, kafin mamayar Amurka. A Janairun 2004 ta fitar da rahoto kan yadda ake cin zarafin fursunoni, watanni kafin hotunan kurkukun Abu Ghraib su bazu a duniya. Ranar 26 ga Nuwamba 2005 aka sace mutanenta huɗu a Bagadaza: Tom Fox, Norman Kember, James Loney da Harmeet Singh Sooden. Malamai da ƙungiyoyin Musulmi da dama, musamman a Falasɗinu, sun fito sun nemi a sake su. An tsinci gawar Fox a Maris 2006, sannan ranar 23 ga wannan wata sojoji ƙarƙashin jagorancin Birtaniya suka kuɓutar da sauran ukun ba tare da harbi ba. An soki ƙungiyar cewa ta jefa kanta cikin haɗari, aka bar sojojin da take adawa da aikinsu da cetonta. A Disamba na shekarar, mutanen ukun suka ce sun yafe wa waɗanda suka sace su, kuma ba su goyon bayan a yanke musu hukuncin kisa.

Batun gata shi ne ya fi damun ƙungiyar a cikin gida, kuma ya cancanci ya dame ta. Dabarar rakiya ta ginu ne a kan wata gaskiya mai ɗaci: soja ko ɗan bindiga zai yi tunani sosai kafin ya taɓa Bature mai fasfo ɗin Amurka ko Kanada, alhali ran manomin Kolombiya ko yaron Hebron bai dame shi ba. Baƙon yana iya tattara kayansa ya koma gida idan abu ya ci tura. Mai masaukinsa ba shi da wurin zuwa. Saboda haka CPT ta sanya yaƙi da wariyar launin fata da danniyar mata cikin horon da take ba ma'aikatanta, ta dage cewa ba ta zuwa wuri sai mutanen wurin sun gayyace ta, kuma su ne ke tsara abin da za a yi. Sannu a hankali Falasɗinawa da Kurdawa da 'yan Kolombiya suka zama ma'aikata a ayarin ƙasashensu, ciki har da Musulmi.

A Janairun 2022 ta sauya suna zuwa Community Peacemaker Teams, domin ma'aikatanta sun haɗa da mabiya addinai daban-daban.