Kwana a Gandun Dajin Gwamnati: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Da hunturu ya kama, ɗalibai da ƙungiyoyin matasa sukan naɗe tanti su nufi Yankari a Jihar Bauchi, ko Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa. Tambayoyinsu iri ɗaya ne kowace shekara, ɓarnar da ake bari a baya ma haka.

Tun da dajin gwamnati ne, ba zan kafa tanti inda na ga dama ba?

A'a. Ka yi rajista a ƙofa, ka biya kuɗin shiga, ka kwana inda jami'an daji suka nuna maka. A Yankari sansanin Wikki ne masauki, kuma ba a kutsawa daji sai da ɗan rakiya.

In miƙa wa birai ragowar abinci?

Kada ka kuskura. Gwaggon birin Wikki da ke fizge leda daga hannun yaro, baƙi ne suka koya masa. Biri in ya saba da biskit ya daina tsoron mutum, daga nan sai cizo. Abinci ya kwana a mota a kulle, gilashi a rufe, ba cikin tanti ba.

Ledar ruwa da gwangwani fa, in binne ko in ƙona?

Ko ɗaya. Abin da ka binne gadu zai tone shi, leda kuma narkewa take ta manne da ƙasa. Ka zo da buhu biyu, ɗaya na leda da kwalba, ɗaya na ragowar abinci, ka fita da su. Har ɓawon lemo da guntun sigari.

Idan babu makewayi a kusa, yaya ake yi?

Wannan ce tambayar da ake jin nauyin yi, alhali ita ta fi ɓata wuri. Inda aka gina makewayi, ka shiga shi ko da bai yi maka ba. Inda babu, ka ɗauki buta da ƙaramar fartanya, ka yi nisa da ruwa da hanya da tanti kamar mita 60, wato taku 70 na baligi. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20. Kada ka wuce haka da sunan tsafta, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta a baƙar ƙasar sama suke. Ka yi tsarki a bakin ramin, ruwan ya faɗa ciki, ka mayar da ƙasa, ka baza busasshen ganye.

To amma ba ko'ina wannan ke yiwuwa ba. Yashin busasshen rafi yana da daɗin haƙa, shi ya sa mutane ke rububinsa, kuma nan ne mafi muni: a Yankari, ruwan farko na damina zai kwashe komai zuwa Kogin Gaji, inda giwa da ɓauna ke sha da rani. Fadama ma haka take. A kan duwatsun Gashaka-Gumti, wani wurin fartanya ba ta shiga. Ka sauko inda akwai ƙasa, in kuwa babu, sai leda biyu a ƙulle ka fita da abin. Ɗora dutse a kai ba binnewa ba ne.

Yawan mutane ma yana canza lissafi. Mutum 3 ko 4 kowa ya haƙa nasa a warwatse. Ɗalibai 30 kuwa, ramuka 30 kowace safiya sun fi ƙarfin wurin, gara dogon rami ɗaya marar zurfi ana rufe shi kaɗan-kaɗan, na mata daban da labule. Ko wannan ɗin, ka fara jin ta bakin jami'in daji, shi ya san inda ruwa ke bi. Ƙunzugun jarirai da audugar mata ba sa ruɓewa, buhu za su shiga. Kuma kada kunya ta sa ka fita kai kaɗai da dare, ka tashi wani ya riƙe maka tocila.

Zan iya wanka da sabulu a ruwan Wikki?

Ka yi iyo, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ce mai zafin digiri 31 a ma'aunin Celsius rani da damina. Sabulu da omo dai a'a. Ɗebi a bokiti ka yi wanki can nesa.

Wuta fa? Ai akwai sanyi.

Akwai, amma hunturu ne lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, iska kuma ba ta shawara. Risho ko ƙaramar tukunyar gas sun ishe ka girki, kuma ba wanda sanyi zai kashe in ya zo da bargo. In an ba ka izinin hura wuta, yi amfani da tsohon murhu, ka share ciyawa mita 3 kewaye. Ƙirare da suka faɗo ƙasa kawai, waɗanda ba su fi kaurin wuyan hannu ba. Gatari ya zauna a gida. Kafin ka kwanta, zuba ruwa, motsa tokar da sanda, sake zubawa, sannan ka kara bayan hannunka. In ka ji ɗumi, ba ta mutu ba. Rufe garwashi da ƙasa kawai yakan bar shi da rai har wayewar gari.

Sifika da janareta?

Bar su a gida. Wasu dabbobin da dare suke zuwa ruwa, ƙara na korar su.