Waiwaye: Asalin Jayayyar Ɗori da Yanke Gaɓa a Kaduna

Duk lokacin da aka yanke wa yaro hannu bayan an dawo da shi daga wurin mai ɗori, sai muhawara ta sake tashi a Kaduna, a gidajen rediyo da majalisun unguwa daga Tudun Wada har Rigasa. Wasu su ce a hana ɗorin gargajiya, wasu kuma su ce likitoci ne ke gaggawar yanke gaɓa. Amma maganar ta girmi masu yin ta.

Ɗori sana'ar gado ce a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, kuma tana ci ne domin ƙashi abu ne mai rai, wanda idan aka daidaita bakunansa biyu aka hana shi motsi, da kansa yake haɗewa. Aikin ƙashi na asibiti kuwa daga baya ya zo: an gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895, aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horar da likitoci a 1967. Da acaɓa ta yawaita daga ƙarshen shekarun 1980, karaya ta ƙaru, jama'a kuma suka ci gaba da zuwa inda aljihunsu zai iya kai su.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a Jamus a 1881, lokacin da wani likitan tiyata mai suna Richard von Volkmann ya bayyana dalilin da ya sa hannun wasu masu karaya yake ƙanƙancewa, yatsu su lanƙwashe su ƙi miƙewa har abada. A wancan zamani an fi ɗora laifin a kan lalacewar jijiyoyin motsi, shi kuwa ya nuna cewa matsattsen ɗauri ne ke toshe hanyar jini har tsoka ta mutu. Abin lura shi ne, ba a hannun masu maganin gargajiya ya ga wannan ɓarna ba, a cikin aikin likitocin Turai ne, waɗanda su ma suke tamke karaya tamau.

Tsokokin hannu da na ƙafa suna zaune ne cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa sosai, kuma jijiyoyin jini da na ji suna ratsawa ta cikinsa. Idan ƙashi ya karye, wurin yakan kumbura; idan aka jera karare aka matse da tsumma, kumburin ya rasa inda zai nufa, sai ya danne jijiyoyin daga ciki. Tsokar da ta rasa jini na kimanin awa 6 takan fara mutuwar da ba ta da gyara, daga nan fata ta yi baƙi, ruɓa ta shiga. Alamun kuwa sukan bayyana da wuri: zafin da ya wuce na karaya, azaba idan aka miƙe yatsu, mutuwar jin taɓi, da sanyin fata.

Wannan darasi ya shiga littattafan likitanci, shi ya sa a asibiti akan bar wa kumburi wuri, a kuma duba yatsu bayan an sa filasta mai tauri da ake ɗaure karaya da ita. Sai dai ya fi tsayawa a Turanci da azuzuwan jami'a, bai cika isa zauren mai ɗori da Hausa ba. Harshen ma bai sauƙaƙa ba, tunda kalma ɗaya, jijiya, ita muke kiran hanyar jini da ita, da mai kai saƙon ji, da wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Saboda haka har yau, idan yaron da ya karye a saman gwiwar hannu, inda babbar jijiyar jini ta bi dab da ƙashi, ya kwana yana kuka, akan ce wa mahaifiyarsa ta yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa.