Ba Son Jiki Ba Ne

A ƙauyukanmu na Jigawa, in mace ta ce duk jikinta ciwo yake, aka auna jini, aka ɗauki hoto ba a ga komai ba, sai a ce son jiki ne ko sammu. Wannan zalunci ne. Akwai cutar da ake kira faibiromayaljiya, ta fi kama mata. Ba ta cin ƙashi ko gaɓa. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke ninka zafin, shi ya sa gwaji ke fitowa lafiya lau. Mai ita takan tashi barci a gajiye, takunta ya ragu, tana tangaɗi, ɗaukar tulu daga rijiya ya gagare ta. Yawan kwanciya ƙara mata rauni yake. 'Yar tafiya kullum, ana ƙarawa a hankali bisa shawarar likita, tana rage ciwon.