Littattafan Zargi a Kan Kisan Whitechapel na 1888

Littattafan zargi a kan kisan Whitechapel rukuni ne na rubuce-rubuce da ke ƙoƙarin nuna wanda ya kashe wasu mata a unguwar Whitechapel da kewayenta, a gabashin Landan, cikin shekarar 1888, zamanin Sarauniya Victoria. Ba a taɓa kama makashin ba, kuma duniya ta san shi da laƙabin Jack the Ripper. Daga wancan lokaci zuwa yau an ɗora wa mutane fiye da 100 wannan laifi. Wasu littattafan kan tsaya a kan mutum ɗaya su yi ta tara masa hujja, wasu kuma kan jero waɗanda ake zargi su auna kowa. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan marubutan ne ke ɗaukar nauyin buga su da kansu, ba tare da sun bi ta hannun kamfanin ɗab'i ba.

Kisan

Fayil ɗin 'yan sanda ya ƙunshi kisa 11 daga Afrilu 1888 zuwa Fabrairu 1891, amma galibin masu bincike suna danganta biyar ne kawai ga mutum ɗaya: Mary Ann Nichols ranar 31 ga Agusta, Annie Chapman ranar 8 ga Satumba, Elizabeth Stride da Catherine Eddowes a dare ɗaya ranar 30 ga Satumba, sai Mary Jane Kelly ranar 9 ga Nuwamba. Dukkansu matalauta ne, kuma dukkansu an yanke musu maƙogwaro. Laƙabin makashin ya fito ne daga wata wasiƙa da ta isa kamfanin dillancin labarai na Central News a ƙarshen Satumba 1888, wadda manyan 'yan sanda na lokacin suka ɗauka ɗan jarida ne ya ƙirƙira ta.

Binciken bai yi ƙaranci ba: an yi wa mutane fiye da 2,000 tambayoyi, an tsare kimanin 80. Kayan aikin ne babu. Sai a 1901 hedikwatar 'yan sandan Landan ta buɗe sashen zanen yatsa, kuma a shekarar ce aka samo gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba. A unguwar da ke cike da mayanka, ganin mutum da jini a riga da asuba ba abin tsayar da shi ba ne. Daga baya takardu da yawa suka salwanta. Na rundunar tsakiyar birnin Landan, wadda ta binciki kisan Eddowes, sun halaka a ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan giɓi shi ne filin da littattafan zargi suke tsirowa a kai.

Sunayen da 'yan sanda suka bari

Takardar da kusan kowane littafi ke farawa da ita ita ce wadda Melville Macnaghten ya rubuta a Fabrairu 1894. Ya ambaci mutum uku: Montague John Druitt, wani Bayahude ɗan Poland da ya kira Kosminski, da Michael Ostrog. Macnaghten bai shiga rundunar ba sai 1889, bayan kisan biyar ɗin, kuma hakan ya bayyana a rubutunsa. Ya ce Druitt likita ne, alhali lauya ne kuma malamin makaranta ɗan shekara 31, wanda aka tsamo gawarsa daga kogin Thames ranar 31 ga Disamba 1888. Babban abin da ke kansa shi ne cewa kisan ya tsaya kusa da lokacin mutuwarsa. Ostrog kuwa, wanda damfara da sata ne sana'arsa, bincike ya nuna daga baya cewa yana tsare a Faransa a lokacin.

Kosminski ne ya fi daɗewa a bakin mutane. Ana ɗauka Aaron Kosminski ake nufi, mai aski da aka kai asibitin masu taɓin hankali na Colney Hatch a 1891, ya rasu a 1919. Donald Swanson, jami'in da ya kula da binciken, ya rubuta sunan da fensir a cikin kofinsa na littafin tarihin rayuwar shugabansa Robert Anderson, kuma ba a fitar da wannan rubutu ga jama'a ba sai 1987. Sai dai Swanson ya ce wanda ake zargin ya mutu jim kaɗan bayan an kai shi asibiti, abin da bai dace da Aaron ba. A nan ne ake gane marubucin kirki: ko zai nuna wa mai karatu wannan saɓani, ko zai binne shi.

Akwai wasu biyu. Francis Tumblety, mai sayar da magungunan bogi wanda ya tsere zuwa Amurka a ƙarshen 1888, sunansa ya sake fitowa ne ta wata wasiƙa da tsohon jami'i John Littlechild ya rubuta a 1913, aka gano ta a 1993. George Chapman kuma, wanda aka rataye a 1903 saboda kisa da guba, shi ne wanda sufeto Frederick Abberline ya fi zargi. Waɗannan jami'ai ba su haɗu dukkansu a kan mutum ɗaya ba.

Zargin manya

Littafin farko cikakke da Ingilishi a kan lamarin ya fito a 1929, daga hannun Leonard Matters. Daga shekarun 1970 salon ya canza: idanu suka koma kan masu suna. A 1970 wani likita, Thomas Stowell, ya wallafa maƙala da ta nuna yatsa ga Yarima Albert Victor, jikan Sarauniya, ba tare da kama suna ba. Bayanan fada sun nuna yariman ba ya Landan a ranakun kisan. A daren 30 ga Satumba yana Scotland. A 1976 Stephen Knight ya ɗora laifin a kan likitan Sarauniya, Sir William Gull, dattijo ɗan shekara 71 wanda ya riga ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a 1887. A 1992 aka fito da wani kundin rubutun hannu da aka ce na James Maybrick ne, ɗan kasuwar auduga na Liverpool, wanda a ciki marubucin ya nuna shi ne makashin. Mutumin da ya kawo shi ya amsa cewa jabu ne, ya dawo ya janye. A 2002 Patricia Cornwell ta kashe maƙudan kuɗi don tabbatar da cewa mai zane Walter Sickert ne makashin. Har Lewis Carroll, marubucin littattafan yara, an taɓa zarginsa ta hanyar jujjuya haruffan jimlolinsa.

Abin da ya sauƙaƙa wannan duka shi ne dokar Ingila ba ta karɓar ƙarar ɓata sunan mamaci. Marubuci zai iya kiran kowane mutumin ƙarni na 19 makashi, babu kotun da za ta tambaye shi hujja. Jikoki da tattaɓa-kunne ne ke ɗaukar nauyin sunan. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma littattafai kaɗan ne ke tsayawa su yi la'akari da shi.

Bugun kai

Shigowar intanet ya canza wanda ke iya yin bincike. Ƙidayar jama'a ta 1881 da 1891, rajistar haihuwa da mutuwa, bayanan shari'o'in kotun Old Bailey da tsofaffin jaridu duk sun zama abin da mutum zai duba daga ɗakinsa. A 2007 kamfanin Amazon ya buɗe hanyar da marubuci zai ɗora littafinsa kai tsaye, ga kuma fasahar buga kofi ɗaya-ɗaya sai an saya. Wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin wani mahauci ko ɗan dako na Whitechapel bai ƙara buƙatar yardar edita ba.

Alfanun wannan a fili yake. Kamfanin ɗab'i yana son littafin da bangonsa zai ce an warware asiri, domin shi ke sayuwa. Mai buga wa kansa yana da 'yancin cewa hujja ba ta kai ba, ko ya cika shafuka da kwafin takardun asali waɗanda ba za su kawo riba ba. Irin wannan bincike na masu sha'awa ya taimaka wajen dawo da hankali daga 'ya'yan sarauta zuwa talakawan unguwar, inda ya fi dacewa a duba. Misali shi ne Charles Lechmere, mai tuƙa keken doki wanda ya tarar da gawar Nichols a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya kuma ba da sunan Cross, sunan mijin mahaifiyarsa, a wurin zaman binciken mutuwar. Masu zarginsa suna ganin ɓoye kai ne. Masu kare shi suna cewa ya ba da adireshinsa da wurin aikinsa na gaskiya. Babu wata shaida ta zahiri da ta haɗa shi da kisan.

Illar kuma ita ce rashin mai tacewa. Littafin da bai ratsa hannun edita ko masani ba yakan kwafi kuskuren na gabansa, har ƙarya ta yi kama da tarihi saboda yawan maimaitawa. Alamomin raunin sukan zo iri ɗaya: a zaɓi mutum tukuna sannan a nemo masa hujja, a mayar da "mai yiwuwa" na babin farko ya zama "tabbas" a babi na goma, a dogara da labarin da wani ya ce kakansa ya gaya masa, a cire ko a ƙara wata mata cikin jerin waɗanda aka kashe don ranakun su dace da wanda ake zargi. Amma adalci ya buƙaci a faɗi cewa zarge-zargen da suka fi kowanne rauni, na Gull da na Maybrick, kamfanonin ɗab'i ne suka fitar da su. Tambarin kamfani bai taɓa zama shaidar gaskiya a wannan fage ba.

Gyale da gwajin DNA

A 2014 aka yi ta yayata cewa kimiyya ta rufe maganar. Wani ɗan kasuwa, Russell Edwards, ya sayi wani gyale a gwanjo a 2007, wanda aka ce an ɗauke shi daga wurin da aka kashe Eddowes. Gwajin da Jari Louhelainen ya yi ya nuna, a cewarsu, alamar da ta dace da dangin Eddowes da na Kosminski, aka kuma wallafa sakamakon a mujallar kimiyya a 2019. Masana sun yi suka mai ƙarfi. Gyalen ba ya cikin jerin kayan Eddowes da 'yan sanda suka rubuta, hannaye da yawa sun taɓa shi cikin shekaru fiye da 100, kuma nau'in DNA da aka gwada, wanda ake gado ta wajen uwa, mutane da yawa kan yi tarayya a cikinsa. Zai iya fitar da mutum daga zargi, ba zai iya tsayar da laifi a kan mutum ɗaya ba.

Suka

Babbar sukar da ake yi wa fagen gaba ɗaya ita ce ya mayar da matan da aka kashe abin ƙidaya kawai. A 2019 masaniyar tarihi Hallie Rubenhold ta wallafa littafi a kan rayuwarsu, ba ta nemi makashin ba ko kaɗan, ta kuma yi jayayya cewa babu hujjar da ta nuna dukkansu karuwai ne kamar yadda aka daɗe ana rubutawa. Littafin ya ci kyautar Baillie Gifford ta shekarar, ya kuma jawo zazzafar muhawara tsakaninta da wasu tsofaffin masu binciken lamarin, waɗanda suka ce ta yi watsi da wasu bayanan 'yan sanda da shaidu. Takardun da ɓangarorin biyu ke jayayya a kansu, waɗanda suka tsira na rundunar 'yan sandan Landan da ma'aikatar cikin gida, suna ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, a buɗe ga duk mai son dubawa.