Amfani da Tsirrai wajen Kiwon Tarwaɗa da Adana ta a Yamai

Amfani da tsirrai wajen kiwon tarwaɗa da adana ta hanya ce da masu kiwon kifi da masu banda suke bi, inda suke sarrafa ganye, 'ya'ya, ɓawo ko saiwar wasu itatuwa su zama jiƙo, tsimi, gari ko mai, don kare lafiyar kifi tun yana raye, da kuma hana shi lalacewa bayan an kama shi. A Nijar lamarin ya fi shafar Yamai, inda ake kiwo a kwamin siminti da na tamfol a lambunan bakin kogin Isa da cikin gidaje. Ya kuma shafi jihar Tawa mai tafkuna irin na Tabalak da Ɗan Dutsi, inda nisan kasuwa da zafin rana kan sa masunta ƙyafe abin da bai sayu ɗanye ba.

Halin tarwaɗa

Tarwaɗar da aka fi kiwatawa ita ce wadda masana suke kira Clarias gariepinus. Fatarta sulɓi ce, babu ɓawo, kuma tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye da ita. Shi ya sa take rayuwa a ruwan da gargaza ba za ta kwana a ciki ba. Ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30, kuma idan abinci ya wadata takan kai kusan kilo ɗaya cikin wata 6. Da sanyin hunturu cinta yakan ragu.

Wannan juriya ita ce take ruɗar sabon mai kiwo. Sai ya cika kwami fiye da kima, ya yi jinkirin sauya ruwa, kifi su ciji juna, ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas su shiga raunin. Daga nan sai gyambo a fata, da kumburin ciki, da rubewar gashin baki. Abin da aka saba yi shi ne a sayo maganin dabbobi irin su oksitetrasikilin a barbaɗa ba awo. Maganin yana saura a naman kifi idan ba a jira ya fita ba, kuma yawan amfani da shi yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Wannan ne ya mayar da hankalin masu bincike ga tsirrai.

A cikin abinci da cikin ruwa

Abinci ne yake cin fiye da rabin kuɗin kiwo, domin tarwaɗa tana buƙatar furotin mai yawa, wajen kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari gwargwadon shekarunta, kuma mafi yawan buhunan daga waje ake shigo da su. Busasshen ganyen zogale yana ɗauke da furotin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ga shi ana noma shi a lambunan kewayen Yamai. Amma ba ya maye gurbin garin kifi gaba ɗaya. Yana da sinadarai irin su saponin da tanin waɗanda suke hana narkewar abinci, shi ya sa gwaje-gwaje suka nuna kaɗan ne yake amfani, idan ya yi yawa girma sai ya ja baya. Ɗan tafasa ganyen ko jiƙa shi kafin a shanya yana rage wannan illa. 'Ya'yan zogale kuwa, idan aka daka su, suna kwantar da laka a ruwa mai gurɓi, irin na kogi da damina.

Tafarnuwa ta fi sauran samun shaida. Idan aka daka ta sai sinadarin alisin ya fito, wanda yake hana ƙwayoyin cuta da dama yaɗuwa. Ana kwaɓa garinta ko ruwanta da abincin kifi, kaɗan ƙwarai, don ƙara musu ci da garkuwar jiki. Citta ma haka ake yi da ita. Shuwaka kuwa masu kiwo a Najeriya sun saba matse ganyenta su zuba a kwami. Man kanumfari aikinsa daban ne: yana sumar da kifi na ɗan lokaci, wanda yake sauƙaƙa awo, jigila, da tatsar ƙwai ba tare da an ji wa uwar rauni ba.

Dogon yaro shi ne ya fi samuwa, shi ne kuma ya fi buƙatar hattara. Da shi aka dasa mafi yawan zoben itatuwan da ya kewaye Yamai tun daga 1965, da shi kuma aka yi shingayen kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa daga 1975, don haka ganyensa kyauta ne ga kowa. Jiƙonsa yana rage wasu ƙwayoyin cuta da ƙananan halittun da suke manne wa fatar kifi. Sai dai sinadarin azadiraktin da yake cikinsa, musamman a 'ya'yan, guba ne ga kifi idan ya yi ƙarfi, kuma 'ya'yan kifi ne suke fara mutuwa. Wanda ya tsinko rassa ya jefa a kwami ya bar su suna ruɓewa ya haɗa wa kifinsa masifa biyu, ga guba ga ƙarancin iska. Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi jiƙo mai rauni a wani mazubi daban, a gwada a kan kifi kaɗan, a tsoma su na ɗan lokaci a mayar da su ruwa mai tsabta.

Akwai tsirran da bai kamata su kusanci kwami ba sam. Magimfa tana da sinadarin rotenon, da ita aka daɗe ana kashe kifi a kududdufai. Ɓawon aduwa ma yana kashe kifi da dodon koɗi. Tsiro ne dai, amma dafi ne, kuma dokar da Nijar ta kafa a 1998 ta hana kama kifi da guba.

Banda da maƙiyanta

Ɗanyar tarwaɗa kusan kashi uku cikin huɗu na jikinta ruwa ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40, sa'o'i kaɗan sun isa ta fara wari. Saboda haka ake fede ta, a wanke, a sa gishiri, a lanƙwasa ta a soke wutsiya a baki ko a yanka gunduwa-gunduwa, a ɗora a kan waya bisa wuta. Bandar da za ta daɗe sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ko bayan nan ba ta tsira ba. Ƙudaje suna yin ƙwai a kan wadda ba ta gama bushewa ba, tsutsa ta fito. Ƙwaron banda, Dermestes maculatus, shi da tsutsarsa mai gashi suna cinye naman daga ciki har a bar fata da ƙaya. Da damina hunhuna takan kama ta, wata irin kuma tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Tarwaɗar kiwo tana da kitse, kitsen kuwa idan ya sha iska yakan canja ɗanɗano.

A nan ne amfanin tsirrai ya fi girma, domin abin da suke maye wa gurbi mummuna ne. Wasu 'yan kasuwa a yankin suna yayyafa wa banda piya-piya, wato diklorbos, maganin ƙwari da yake taɓa jijiyoyin ɗan Adam. Ba abin sa wa abinci ba ne ko kaɗan, kuma wankewa da ruwan zafi ba ya ba da tabbacin ya fita. Wannan kifin ne ake jefawa a miyar kuka da yara za su ci.

Kayan yajin da suke kowace kasuwa, daga ta Katako zuwa ta Wadata a Yamai, suna yin wani ɓangare na wannan aiki ba tare da cutarwa ba. Bincike a Najeriya ya nuna garin masoro da na kimba suna kashe ko korar ƙwaron banda, masoro ya fi ƙarfi. Tsoma kifi a ruwan gishiri mai citta, tafarnuwa ko kanumfari kafin a ƙyafe yana rage ƙwayoyin cuta, yana kuma jinkirta lalacewar kitse. Barkono busasshe ana barbaɗa shi tsakanin jerin kifi a kwando. Dogon yaro ma yana korar ƙwari, amma ɗacinsa yana shiga nama, don haka busasshen ganyensa ya fi dacewa da shimfiɗa a ƙasan kwali ko kewayen buhu, ba a jikin kifin ba.

Itacen ƙyafewa shi ma yana cikin lissafi. Hayaƙi yana ɗauke da sinadaran da suke kashe ƙwayoyin cuta, amma idan kitse yana ɗiga kan harshen wuta sai a sami sinadarai masu jawo ciwon daji, irin su benzopiren, wanda Tarayyar Turai ta iyakance shi a mikrogiram 2 (wato kashi biyu cikin miliyan na giram ɗaya) cikin kilon kifi. Murhun Chorkor da aka ƙirƙira a Gana a 1969 yana rage cin itace, wani murhun kuma mai suna FTT, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta haɓaka a Senegal, yana raba kifi da harshen wuta. Ƙona roba, leda ko katako mai fenti a ƙarƙashin kifi zuba guba ne.

Ƙarfin tsiro ba ɗaya ba ne kullum. Ya danganta da ƙasar da ya fito, da lokacin tsinka, da yadda aka shanya shi. Alisin yana gushewa jim kaɗan bayan daka, azadiraktin kuma rana tana karya shi, ƙamshin masoro da kimba yana tafiya idan garin ya daɗe a buɗe. Saboda haka ana daka su ne dab da amfani, a ajiye banda a inuwa nesa da ƙasa, a riƙa buɗe buhu ana dubawa. Idan aka ga gari-gari a ƙasan buhu ko kifi ya yi laushi, sai a mayar da shi kan wuta, a sake barbaɗa sabon yaji.