Waiwaye: Ƙaramin Jirgin Kuza da Ke Ajiye a Jos

Duk lokacin da aka kama wasu da rodin layin dogo za su kai wa 'yan gwangwan, sai muhawara ta tashi: yaushe jirgin ƙasa ya mutu a Arewa? Yawanci shekarun 1980 ake ambata, lokacin da tireloli suka mamaye hanya. A ganina ciwon ya girmi haka, kuma shaidarsa na nan a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

A harabarsa akwai tsofaffin kawunan jirgi na layin Zariya zuwa Jos. In ka tsaya kusa da ɗaya za ka yi mamakin ƙanƙantarsa, don faɗin layin ƙafa biyu da rabi ne kacal, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne.

Farkon labarin sananne ne. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu hanya. Kuzar Filato kuwa a ka ake ɗaukarta, sai aka shimfiɗa wannan ƙaramin layi daga Zariya, ya kai Bukuru a 1914. Sunan Bauchi aka laƙaba masa ko da bai taɓa shiga garin ba, don a lokacin da sunan Bauchi ake kiran tsaunukan.

Shekarar da ba a cika tunawa ba ita ce 1927. A shekarar ne reshen babban layin gabas ya taso daga Kafanchan ya hau Filato. Daga nan kuza ta daina bi ta Zariya, inda sai an sauke ta an sake lodi saboda bambancin faɗin layi. Ta miƙe kai tsaye zuwa Fatakwal, taragun kuma su dawo da kwal ɗin Inugu. Dare ɗaya ƙaramin jirgin ya rasa abin da aka gina shi dominsa. Mutanen Soba da Dutsen Wai da Rahama suna nan, suna hawansa, suna kai amfanin gona kasuwa, amma tun farko ba da su aka yi lissafin ba. Abin da ke ci mini rai ke nan: layi ne na fitar da ma'adini, mutanen da ke gefensa kuwa ƙari ne kawai.

Haka ya yi ta jan ƙafa shekara talatin, aka rufe shi a 1957, saura shekara uku a samu 'yancin kai. Aka tuge rodin, wasu daga cikin kawunan jirgin da suka tsira suka ƙare a Jos.