Ƙullutun bayan jariri ba maruru ba ne, ku daina kai wa wanzami

Wallahi abin nan ya ishe ni, shi ya sa yau na ce sai na yi magana. Ina aikin jinya a ɗakin jarirai, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ana kawo mana jaririn da aka haifa da ƙullutu a gadon baya ko a ƙeya, amma sai bayan wanzami ya riga ya sa aska. Ka buɗe zani ka tarar an tsaga wurin, an barbaɗa garin magani, ruwa yana tsiyaya, yaro jiki zafi rau ko kama nono ba ya iyawa. Ka tambaya a ce ai Hajiya ce ta ce ruwa ne ya taru, a fitar da shi ya huta.

Haba iyayenmu! Wannan ruwan shi ne wanda ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, kuma cikin ƙullutun sau da yawa akwai jijiyoyin da ke motsa ƙafa da riƙe fitsari da kashi. In aka fasa an buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, sai sanƙarau. Jijiyar da aska ta yanke kuma ba ta dawowa.

Na san ba mugunta ba ce. Mai jego tana kuka, kaka ta rikice, maƙwabta suna ta cewa iska ce ko an tsallake wani abu da ciki, kowa so yake a yi wani abu. Ba iska ba ce, halitta ce da ba ta gama haɗewa ba tun cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace ma ba ta san ta samu ba. Babu laifin uwa ko kaɗan.

Sai kuma masu cewa bari a yi suna tukuna. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sun fi son su rufe wurin cikin kwana 2 zuwa 3 da haihuwa, ku kuwa kuna jiran rago da 'yan buki har kwana bakwai, ranar da wanzami zai zo aski ya ga ƙullutu ya ce a bar masa. Akwai wata yarinya mai jego, haihuwarta ta fari, da ta riƙe min hannu tana cewa Anti wallahi na hana ba a saurare ni ba. Har yau maganar tana raina. Maigida, kai ne za ka tsaya mata.

In kun ga irin wannan, ga abin yi. Kar a matsa, kar a gasa da tsumma, kar a shafa komai, ko man zafi ko toka ko tofi a jiƙa a zuba. A rufe da bandeji mai tsabta, a asibiti mu da ruwan dirif muke jiƙa shi. A kwantar da shi ta gefe yadda bayan ba zai taɓa shimfiɗa ba, kar kashi ya kai wurin, a lulluɓe shi kar ya yi sanyi, a tafi asibiti a ranar. Asibitin Malam Aminu Kano suna da likitocin wannan aikin, in kun fara zuwa na kusa da ku za a ba ku takardar zuwa can. In kan jaririn ya fara girma, maɗiga ta kumbura, ido na kallon ƙasa, ruwa ne ke taruwa, shi ma a dawo da sauri kar a yi masa tsaga.

Mai tsagaggen leɓe ko ganda shi ma kar wanzami ya ce zai cire masa beli. A tatso nono a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kansa a sama, ana sa shi gyatsa. Leɓe ana ɗinkewa wajen wata 3, ganda kusan shekara, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin kyauta, ku tambaya a asibiti.

Amare da masu shirin sake haihuwa, ku fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ke rage haɗarin wannan ƙullutun, tun kafin ciki ya shiga, ba sai an je awo a wata biyar ba. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jaririn ta fara ganin likita, nata adadin ya fi na kowa yawa.